Saiwa a Bakin Ƙofa

Mai zarto ya riga ya ɗaura igiya a babban reshe lokacin da Malama ta fito da kujerarta ta roba, ta dasa ta a gindin cediyar, ta zauna, ta gyara tabarau. Ba ta ce wa kowa uffan ba. Shekarun da ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata sun koya mata cewa aji ya fi saurin yin tsit idan malama ce ta fara yin shiru. Mai zarton ya dubi abokan aikinsa daga sama, su kuma suka dubi wadda ta kawo su.

Wadda ta kawo su Auta ce, 'yar Injiniya maƙwabcin Malama. Yanzu ita ce shugabar sashen kwata a hukumar ruwa, kujerar da ubanta ya bari, kuma "ranki ya daɗe" ma'aikata suke ce mata. Amma da ta ƙaraso gaban kujerar robar sai ta cire hular kwanonta ta rungume, ta rusuna, kamar ranar da aka kama ta tana cin gyaɗa a ɗakin gwaje-gwaje. Ta gaida Malama, ta tambayi ƙafa. Malama ta ce ƙafa tana nan inda aka bar ta, ta tambayi mai jiki. Auta ta ce da sauƙi, irin sauƙin nan da baki kawai ke faɗa.

"Malama, likita ya ce kwanaki suka rage wa Baba. Tun ina ƙarama abu ɗaya nake jin yana nema a layin nan. Ina so ya ga an yi da idonsa."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai aiko ni ba, amma ai kin sani."

"To ban sani ba. Ki ce wa wancan ya sauko da igiyarsa kafin ya faɗo ya ƙara miki aiki."

Mutanen layi sun fara leƙowa. Matar tela, wadda gidansu ne na ƙarshe a can gangare, ta ce wa mai shago, da muryar da aka auna don ta kai gindin cediya, ai wanda ke kan gargara ba a hana shi abin da yake so. Malama ta ji. Ta sha jin wannan magana a rayuwarta, kuma har yau ba ta gane dalilin da zai sa mutumin da bai yi daidai ba yana da ƙarfinsa ya koma mai gaskiya don kawai numfashinsa ya gajarce.

Cediyar mijinta ne ya dasa, marigayi akawun gidan waya, a shekarar da suka tare, lokacin layin ba shi da inuwar da akuya za ta fake. Ɗan guntun reshe ne ya soka a ƙasa, yana ba shi ruwan wanke-wanke. Ya rasu bai ga ta rufe rufin gida ba. Bayansa ne Injiniya ya zo da ma'aikatansa suka haƙa tsakiyar layi, suka shimfiɗa bututun da ke kwashe ruwan bayan gida da na wanka daga kowane gida, ya gangara da shi zuwa matatar ƙazamin ruwa a bayan gari. Layin ya burge shi, ya sayi filin da ke jikin katangarta ya gina. Tun daga nan ba su sake shan ruwan juna da daɗi ba, ko da yake babu ranar da ba su gaisa ba.

Injiniya mutum ne da ba ya jin kunyar sana'arsa, abin da ya daɗe yana damun danginsa. In aka gabatar da shi a taro aka ce injiniyan ruwa ne, sai ya ɗaga yatsa ya gyara: na kwata. Yakan ce masu kawo ruwa kowa na yi musu addu'a duk sanda ya murɗa famfo, amma masu tafiya da shi ba a tuna su sai ranar da abin ya dawo. Saboda haka Malama ta laƙaba masa Sarkin Kwata. Shi kuma ya ce da ita Uwar Cediya.

Duk shekara, in damina ta matso, sai ya fito da sassafe da takalman roba har gwiwa, ya ɗage murfin ƙarfen ramin kwatar da ke daidai ƙofar gidanta, ya koma gefe ya zauna da kofin shayi yana jiran muguwar iskar ramin ta fice. Sannan ya haɗa sandunansa na ƙarfe, wannan a bakin wancan, ya zura, ya yi ta murɗawa yana ja har rana ta ɗaga. Abin da yake fitowa da shi curin saiwa ne, sirara, baƙaƙe, a cukuikuye kamar tsohon soson wanka. Sai ya ɗauraye shi tas a famfo, ya zo ya ajiye mata a kan dokin ƙofa, ya tafi ba tare da ya ƙwanƙwasa ba.

Ita kuma ta share da tsintsiya, ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce ta ga saƙon sarki. Ya amsa daga can cewa 'yarta ta sake shiga gidan mutane ta ƙasa, sai an sare ta za a huta. Ta ce saiwa ba ta fasa lafiyayyen bututu, inda ta ga tsaga nan take shiga, don haka ya binciki aikinsa. Ya ce duk bututu yana da mahaɗi kamar yadda duk mutum yake da gwiwa, kuma ita ma ta san abin da shekaru ke yi wa gwiwa. Haka suka tsufa.

Bana ba a ajiye komai a dokin ƙofar ba. Kullum da safe in ta buɗe sai idonta ya fara sauka a wurin, ba ta kuma yarda ta tambayi kanta abin da take nema ba.

Da mai zarto ya sauko yana gunaguni, Malama ta bar kujerarta a wurin don ta tsare mata gindin, ta shiga gidan Injiniya ba tare da jiran iso ba. Maman Auta ta tare ta a tsakar gida da idanu jajaye, ta ce mata a hankali don Allah, ba shi da ƙarfin musu. Malama ta ce in ba shi da ƙarfin musu to lallai jikin ya yi tsanani.

Ɗakin yana warin maganin goge ƙasa da lemon da aka ɓare ba a sha ba. Fanka tana juyawa a kasalance. A bango akwai tsohuwar taswirar gari wadda babu tituna a cikinta sai jajaye da shuɗɗan layuka, garin da ke ƙarƙashin gari. Injiniya yana kwance a jikin taga, ya ragu har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Hasken da ke ratsowa ta ganyen cediya yana ta yawo a kan ƙirjinsa.

Ya buɗe ido ya ce ya ji hayaniya, ya ɗauka ita ce ta mutu aka zo kallo. Ta ce ba za ta riga shi ba, tana da sauran aiki. Sannan ta tambaye shi kai tsaye ko shi ya tura yarinya da zarto.

"Ban tura ta ba. Amma da ta tambaye ni da na ce ta yi."

"Ko a nan ma ba za ka bar bishiyar nan ta huta ba?"

Ya tara numfashi. Da ya yi magana, ba da muryar kan katanga ya yi ba, da muryar da ta taɓa ji yana yi wa ƙananan injiniyoyi bayani ce, in sun zo gaishe shi da takardu a hammata. Ya ce bana bai buɗe ramin ba, hannunsa ko kofi ba ya riƙewa. Saiwar bara ta dawo, ta ninka. Ranar da aka yi ruwan fari mai ƙarfi, bututun zai cika, abin da ke ciki kuma ba zai tsaya jiran kowa ba, zai nemi wuri mafi ƙasa ya fito. Wuri mafi ƙasa a layin nan banɗakin tela ne, kuma jikan tela rarrafe yake yi.

"Ke kin ɗauka saiwar nan da nake kawo miki tsokana ce kawai?"

"To mene ce in ba tsokana ba?"

"Tsokana ce. Amma kafin ta zo ƙofarki a cikin bututu take. A kan gadon bayana cediyarki ta rayu, Malama. Yanzu bayan ya kwanta."

Malama ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ko da yake babu abin da ya same shi. Ita mai koya wa yara su tambayi dalilin kowane abu, ta yi shekaru tana share amsa da tsintsiya. Ta ce, da ɗan zafi, ai shi ne shugaban sashe duk tsawon lokacin nan, sa hannu ɗaya zai yi a zo a sare, ko ta kwanta a gindin ne ɗauke ta za a yi. Me ya hana shi?

Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna taga. "Yamma take kallo. Sakaran da ya zana gidan nan bai yi tunanin rana ba, gangara kawai ya iya." Ya ɗan yi tari. "Ni ne sakaran. Kada ki sa wa abin wata ma'ana, ba don ke na yi ba."

Ta ce ko a mafarki ba ta zarge shi da kirki ba. Maman Auta, da ke bakin ƙofa, ta saki wata 'yar dariya ta toshe baki.

Ya ce a sare. Ba wasiyyar mai mutuwa yake ba ta ba, shawarar injiniya ce, kuma damina ba za ta jira a binne shi ba.

Da za ta fita, Malama ta tsaya a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin da kicin, inda bangon yamma ya wuce iyakar inuwar. Ta ɗora tafin hannu a kai, ta janye da sauri. Kamar murfin tukunya. Ta koma cikin ɗakin kamar ta manta wani abu, ta taɓa bangon da ke kan gadonsa. Sanyi ƙalau. Injiniya yana kallonta da ido ɗaya, ya ce har yanzu gwaje-gwajen ake yi?

A waje ta gaya wa Auta cewa ba za a sare ba, ba yau ba, ba gobe ba. Ba ta ba da dalili ba, don ta san in dalilin ya koma kunnen Injiniya, zai sa a ɗauko shi a kan kujera ya tsaya a kan aikin da kansa. Auta ta mayar da hular kwanonta, ta tafi ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Layi ya yanke hukunci kafin la'asar. Mai shago ya miƙo mata sabulu yana kallon wani waje. Wata ta ce boko in ya yi yawa yakan busar da zuciya. Wata ta ce mace ce da ta fifita itace a kan mutum. Malama ta saba da a yi fushi da ita, wanda ya yi shekaru yana bai wa 'ya'yan mutane sifili ba ya mutuwa don an ƙi gaishe shi. Abin da ya hana ta sukuni hadarin da ya fara taruwa ne a gabas kowace yamma, ya yi baƙi, ya yi gurnani, ya watse.

Washegari ta gangara gidan tela da sandarta. Matar tela ta karɓe ta a tsaye. Malama ta ce banɗaki ta zo gani, ba mutane ba. Tun daga tsakar gida ta ji warin, ba mai ƙarfi ba, irin wanda mutanen gida suka daina ji. A ƙasan banɗakin akwai ɗan ramin da ruwan wanka ke bi, an ɗora masa bulo. Da ta sa aka ɗaga, ruwan ciki yana nan tsaye dab da baki, yana ɗan numfashi, ya taso ya koma. Jikan tela ya rarrafo har bakin ƙofa yana tafa siminti da hannu, kakarsa ta sure shi.

"Kin gani dai," in ji matar tela.

"Na gani."

Daga nan ta hau mota zuwa matata, wurin da ta yi shekaru tana tsokanar maƙwabcinta da shi ba ta taɓa takawa ba. Ta yi zaton ƙazanta za ta tarar. Sai ta ga manyan tafkuna na siminti zagayayyu, wani dogon hannun ƙarfe yana kewaya kowanne a hankali kamar agogo, ruwa yana shiga baƙi ta wannan gefe, yana tsiyaya ta wancan da hasken da har tsuntsaye ke sauka. Ta sami Auta a kan wata gadar ƙarfe, waya a kunne, tana faɗa da wani a kan famfon da ya ƙone. Malama ta jira ta gama, sannan ta yi mata tambaya irin ta aji: in an sare bishiya yau, saiwar da ke cikin bututu da ƙafarta za ta fita?

Auta ta sa wayar a aljihu. Ta ce a'a, sai an fitar. Nufinta a sare tukuna, in motar wanke bututu ta samu sarari a kawo ta. Motar kuwa tana can wata unguwa inda babban bututu ya rufta, ba ranar dawowa.

"Wato da kin ƙona ubanki da rana, tela kuma ya yi iyo duk da haka."

Auta ta dube ta. "Rana?"

"Ki taɓa bangon lungun kicin ɗinku da la'asar, sannan ki taɓa na kan gadonsa. In kika gaya masa na faɗa, na tsine wa sakamakon da na ba ki." Ta gyara riƙon sanda. "Ina sandunansa?"

Auta ta ce suna ɗakin ajiya, amma rabonta da riƙe su tun tana ɗaliba, yanzu aikinta lissafi ne da taro da neman kayan gyara. Ma'aikatanta kuma duk suna wurin ruftawar. Malama ta ce ba ta tambayi ma'aikata ba.

Ranar hutun ƙarshen mako, da hantsi, aka tura gadon Injiniya har ya manne da taga. Auta ta fito cikin takalman ubanta, sun yi mata yawa ta cusa tsumma. Tela ya taya ta ɗage murfin. Tana shirin leƙawa sai aka ji ƙwanƙwasa a ƙarfen taga. Muryar Injiniya ba ta kai waje, don haka Malama ta ja kujerarta ta zauna a jikin tagar ta waje, kunnenta a ragar sauro, ta zama bakinsa. Muryarta kuwa ta cika filin makaranta a zamaninta.

"Ya ce ki ja baya ki sha shayi. Ya ce ramin nan ya kashe waɗanda suka fi ki digiri."

Auta ta ja baya. Maman Auta ta kawo shayi. Mutanen layi suka taru nesa kaɗan, hannu a hanci, ba wanda ya tafi.

Da aka fara zura sandunan, Injiniya ya rufe ido. Ba ya ganin ramin daga inda yake, da kunne yake bin aikin, ƙarar ƙarfe a jikin bututu tana gaya masa inda aka kai. Malama tana isar da saƙo ba ragi ba ƙari. Ya ce a hankali, nan mahaɗi ne. Ya ce ta tura da kafaɗa ba da wuyan hannu ba. Can tela, da ya karɓa don Auta ta huta, ya ji abin ya cije, ya fara murɗawa baya don ya ƙwato shi. Ƙarfen taga ya yi ƙara da ƙarfin da ba a zaci ya rage a ɗakin ba.

"Ya ce dama, dama kawai. In ka murɗa hagu sandunan za su kwance a ciki, sai an fasa titi. Ya ce kai ka taɓa ganin an yi ɗinki da baya?"

Tela ya ce a gaya masa ana yi, shi ne ma ke riƙe ɗinki. Malama ta kai wannan ciki, ta dawo da amsa cewa to a nan ba a yi. Aka yi dariya, har da matar tela.

Auta ta karɓe. Gumi ya jiƙa mata riga, hular kwano tana zamowa kan ido. Ta murɗa, ta ja, ta sake turawa. Malama ta lura ta daina jiran umarni, kafaɗunta sun tuna da kansu, kuma daga cikin ɗaki an daina aiko da gyara. Sai aka ji wani sauti daga ƙasa, kamar babban maƙogwaro ya haɗiye abu, sannan ruwa ya ɓalle da gudu, ƙararsa tana gangarawa ƙarƙashin ƙafafun mutane zuwa gidan tela da gaba.

Malama ta kara kunne a raga. Ba a ce komai ba. Ta leƙa. Idonsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe, yana saurare kamar mai jin waƙar da ya sani tun yana saurayi.

Curin da Auta ta jawo ya fi na kowace shekara, sai da tela ya kama mata. Ta tsaya da shi a hannu tana neman inda za ta jefa. Injiniya ya motsa leɓe. Malama ta saurara, ta miƙe zaune, ta faɗa da muryar aji.

"Ya ce ki ɗauraye, ki kai ƙofar Uwar Cediya. Kada ki ƙwanƙwasa."

Bai ƙara mako ba. Ya cika da la'asar, lokacin da rana ke dukan bangon yamma, ɗakin kuwa a lumshe, inuwar ganye tana yawo a kan zanen rufarsa. Malama tana kan kujera a gefen gado, Maman Auta tana riƙe da hannunsa. Maganarsa ta ƙarshe da Malama ta ji tambaya ce, ko an mayar da murfin daidai, don yara. Aka ce an mayar.

Ruwan fari ya sauka ana zaman makoki, mai ƙarfi, har masu gaisuwa suka ruga cikin rumfa. Tsofaffin abokan aikinsa, da suka zo da yawa fiye da yadda layin ya zata, suka yi ta yabon marigayi da kalmomin da ake yabon kowa. Malama ta fi yarda da ɗaya daga cikinsu, wani mai furfura da bai ce komai ba, ya fita cikin ruwan da lema ya tsaya a kan murfin ƙarfen, ya sunkuyar da kai, ya dawo ya zauna. Da yamma matar tela ta hauro, ta gaida Malama har ƙasa, ta ce banɗaki a bushe.

Bayan baƙi sun watse, Auta ta shigo gidan Malama ta zauna a bakin tabarma. Ta ce ta yi tunani, ba sai an sare ba. Za ta riƙa zuwa duk shekara kafin damina, safiya ɗaya ce, sandunan ma ta goge su ta shafa mai.

Malama ta daɗe tana kallonta. Ta so ta ce to. Kalmar ta zo har bakinta, ta ji ɗanɗanonta. Sai ta tuna gadar ƙarfe da waya a kunne, da unguwar da bututu ya rufta, da garin nan na jajaye da shuɗɗan layuka wanda yanzu yake kan wuyan yarinyar nan gaba ɗaya. Ta ce ubanta ya iya ne don katanga ɗaya ce tsakani, kuma yana da taga. Ita fa? Wata shekara za a yi mata canjin wurin aiki, ko ta haihu, ko ta manta, kuma ranar da ta manta ba Malama ce za ta taka abin da zai fito ba.

"Malama, Baba ya so bishiyar nan."

"Ya so inuwarta, ya kuma sha. Abin da ya ce a yi kin ji shi. Ba don ya mutu na yarda ba, don ya fi ni gaskiya ne, kuma ki rufa mini asiri." Ta gyara tabarau. "Ki turo mai zarton. Ki ce ya ɗaura igiyar da kyau, wancan ɗaurin na ranar ko guga ba zai riƙe ba."

Yini guda aka yi ana saukar da ita reshe-reshe. Malama ba ta shiga ɗaki ba, ta zauna a ƙofar gida tana kallo har aka kai kututture. Da aka kwashe itacen, layin ya yi faɗi, ya yi tsirara, kamar fuskar mutumin da ya aske gemun da aka san shi da shi.

Da la'asar rana ta faɗa ɗakin Injiniya kai tsaye, karo na farko tun da aka gina shi. Malama ta leƙa ta taga, ta hango ta kwance a kan katifar da aka yaye wa zane, ta hau bango har kan taswirar. Maman Auta ta zo ta kama labule za ta ja, ta tsaya, ta sake shi.

Malama ta jawo kujerar robar zuwa gefen kututturen, ta buɗe lema. A kan ƙusar da ke jikin ƙofarta curin saiwar yana rataye, ya bushe ya yi fari-fari. A wani gida can saman layi aka zubar da ruwan wanka. Ta ɗora ƙafarta mai ciwo a kan murfin ƙarfen, wanda ya ɗau ɗumin rana, ta ji ruwan ya zo ta ƙarƙashi, ya wuce, yana gangarawa.